Manufa a Bakin Gwamna, Aiki a Hannun Ƙaramin Ma'aikaci

Ƙarfe tara na safiyar Litinin a ƙaramin asibitin wani ƙauye, benci biyun da ke baranda sun cika, sauran mata sun shimfiɗa gefen zane sun zauna a ƙasa. Damina ta yi nisa, zazzaɓin cizon sauro ya sa yara a gaba. Ma'aikaciya ɗaya ce tal a bakin aiki. Ita ke rubuta suna a rajista, ita ke huda yatsan yaro ta ɗiga jini a tsinken gwaji, ita ke leƙa ɗakin haihuwa inda wata ke naƙuda tun asuba. A jikin bango an manna takarda mai hoton uwa da ɗanta, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa magani kyauta ne ga masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Da layi ya zo kan wata mai goyo, gwaji ya nuna zazzaɓin ne. Ma'aikaciyar ta yago takarda, ta rubuta sunan magani ta miƙa mata.

"Ki je kyamis ɗin bakin kasuwa ki saya, ki fara ba shi yanzu-yanzu."

"Haba Malama, ai a rediyo aka ce kyauta ne. Wallahi kuɗin acaɓan ma rance na yi."

"Gaskiya aka faɗa miki, baiwar Allah. Kwalin da aka kawo mana ne ya ƙare tun makon jiya. Na rubuta, ba a aiko ba."

Matar ta gyara goyonta ta fita, zuciyarta na gaya mata an sayar da maganin ne ta bayan fage. Abin da ba ta sani ba, akwai sauran fakiti huɗu a durowar teburin. Ma'aikaciyar ta ajiye su ne saboda yaron da za a kawo cikin dare, lokacin da kyamis ya rufe. Babu takardar da ta umarce ta da yin haka, babu kuma wadda ta hana ta. Ita kaɗai ta yanke wa za a ba, wa za a tura kasuwa.

Irin wannan hukunci ana yanke shi sau dubbai kullum a ajujuwa, asibitoci, ofisoshin 'yan sanda da sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Ra'ayina shi ne, a nan ne manufar gwamnati take rayuwa ko ta mutu. Duk gwamnatin da ta tsara manufa ba ta yi lissafin wanda zai aiwatar da ita ba, ta yi alkawarin da wani ne zai sha zagin rashin cika shi.

1. Gwamnatin da talaka ya sani

Talaka bai taɓa zama da minista ba. Gwamna kuwa sai dai ya hango shi cikin jerin gwanon motoci, ko ya ji muryarsa a rediyo. Gwamnatin da ya sani ido da ido ita ce malamin firamaren da ke koyar da ɗansa, da ungozomar asibiti, da ɗan sandan da ke kan kanta, da malamin gona, da magatakardan kotu, da mai yankar rasit a kasuwa, da mai ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa. Idan waɗannan suka karɓe shi da mutunci, sai ya ce gwamnati na aiki. Idan suka wulaƙanta shi, babu jawabin da zai wanke gwamnati a idonsa.

Haka abin yake tun fil azal. Kakanninmu a zamanin En'e ba su san fuskar Gwamnan da ke Kaduna ba. Sun san duba-gari mai leƙa randa, sun san malamin haraji, da malamin jangali mai ƙirga shanu, da ɗan doka. Har yau idan dattijo zai ba da labarin mulkin Turawa, da waɗannan yake farawa. Kafin su ma, da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo lissafa zaluncin masu mulkin zamaninsa a Kitabul Farƙi, cikin abin da ya ambata har da gaisuwar da ake kai wa masu iko da abin da ake karɓa a hannun 'yan kasuwa. Malamanmu sun daɗe da gane cewa adalcin sarki a ƙofar fada da bakin kasuwa ake auna shi.

A 1980 wani masanin siyasa ɗan Amurka, Michael Lipsky, ya rubuta littafi a kan wannan rukuni na ma'aikata. Abin da ya nuna shi ne, malamin aji da ɗan sanda da ma'aikacin jinƙai ba aiwatar da manufa kaɗai suke yi ba, su ne suke ƙera ta a aikace. Dalili kuwa uku ne: masu buƙata sun fi ƙarfin kayan aiki, umarnin da ke zuwa daga sama ba ya hango kowane hali, kuma babu shugaban da zai iya tsayawa a kan kowane ma'aikaci dare da rana. Idan haka ne a ƙasar da ake biyan albashi a kan kari, ina ga tamu?

2. Sanarwa kyauta ce, aiki ne mai tsada

A Satumbar 1999, a Sakkwato, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na matakin farko. A 2004 aka yi masa doka: karatu kyauta ne kuma dole ga kowane yaro, shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗauki tallafin. Shekara da shekaru muna jin biliyoyin naira na kwance a asusun UBEC, hukumar da ke kula da shirin, saboda wasu jihohi ba su kawo nasu ba.

To, wa aka bari riƙe da kalmar "kyauta"? Hedimasta. An hana shi karɓar kuɗin makaranta, ba a ba shi kuɗin alli ba. Iska ta yaye rufin aji, rajistar kiran suna ta cika, lokacin jarrabawa ya zo babu takarda. Sai ya kira taron iyaye a yanka kuɗin jarrabawa da na tsintsiya da na gyaran benci. In ya karɓa ya taka doka, in bai karɓa ba makaranta ta tsaya. An dake shi, an kuma hana shi kuka.

Fannin lafiya ma haka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci, amma ba a sa kuɗin a kasafi ba sai 2018. Shekara huɗu doka na kan takarda, ma'aikacin ƙauye na karɓar haihuwa da fitilar wayarsa. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 ya ware naira 70 ga kowane yaro. Farashin shinkafa da wake ya yi ta hawa, kuɗin bai bi shi da sauri ba, mai dafa abinci kuwa ba ta da hanyar da za ta cike giɓin sai ta ƙanƙantar da ludayi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗani irin wannan. Tsakanin 2005 da 2006 gwamnatin Tandja Mamadou ta mayar da tiyatar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Tsarin shi ne asibiti ya yi aiki, ya aika takardun kuɗi, gwamnati ta biya shi daga baya. Mata suka yi tururuwa zuwa asibiti, abin da ake nema ke nan. Amma biyan ya riƙa jinkiri, watanni har shekaru, bashi ya taru, ɗakunan magani suka bushe, ma'aikata suka koma rubuta wa iyaye takarda su je su saya. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi wannan labari daki-daki. Niyyar mai kyau ce, amma an fafe gora ranar tafiya.

Manoman rani na Kadawa sun san cewa duk cikar da madatsar Tiga za ta yi, ba ta amfani wanda ƙaramar magudanar da ke shiga gonarsa ta toshe. Kasafin kuɗi na iya cika maƙil a Abuja ko a fadar jiha, amma ƙaramin ma'aikaci shi ne magudanar ƙarshe, kuma ita ce ba a waiwaya.

3. Dokokin da ba a rubuce suke ba

Idan aiki ya fi ƙarfin kayan aiki, ma'aikaci ba ya zama ya naɗe hannu. Dabara yake ƙirƙira don ya kai yamma. Mai yankar kati ya ce hamsin kawai za a gani yau, sauran su dawo gobe. Malamin da ke da yara fiye da ɗari a aji ɗaya ya koyar da na layin gaba, na baya ya bar su da Allah. Ɗan sandan da ba a zuba wa motarsa mai ba ya ce wa mai ƙara ya kawo kuɗin mai kafin a je kama wanda ake zargi. Malamin gonar da ba shi da babur ya taƙaita yawonsa ga manoman bakin titi. Ƙarshen wata kuma a cika fom da alƙaluman da za su faranta ran darakta, domin wanda ya rubuta gaskiya shi ake kira ya yi bayani.

Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ya daɗe yana bincike a Nijar, ya nuna cewa irin waɗannan ɗabi'u suna da tsari nasu, kuma kowa a wurin aiki ya san su. Sabon ma'aikaci yana fitowa daga makaranta da abin da ya karanta, cikin wata guda na gaba da shi sun koya masa wani karatun: "Nan ba haka muke yi ba." Daga nan ofis ya zama yana da doka biyu, ta cikin fayil da ta bakin aiki, kuma ta biyun ce talaka ke cin karo da ita.

Kada a ɗauka duk wannan dama da ma'aikaci ke da ita sharri ce. Sau da yawa ita ce rahamar da ke cikin tsarin. Malamar da ta bar yarinya mai talla ta shigo aji bayan an kaɗa ƙararrawa, maimakon ta kore ta, ta saɓa ƙa'idar lokaci amma ta cika manufar ilimi. Nas ɗin da ta karɓi mai naƙuda ba tare da katin awo ba ta ceci rai biyu. Ɗan sandan da ya sasanta maƙwabta biyu a kan magudanar ruwa, bai tura su kotu ba, ya rage wa kowa wahala. Babu littafin ƙa'ida da zai ƙunshi rayuwa duka, dole a bar wa mai aiki wurin yin amfani da hankalinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, idan aka zo rabon abin da bai isa ba, wa ake fara bari a baya? Wanda ba shi da murya. Baƙauyen da bai san kowa a sakatariya ba, Bafulatanar da ta taso daga ruga, makaho, bazawarar da ba ta da mai tsaya mata, dattijon da ba ya jin Turancin fom. Mai babbar riga ana ganin sa tun daga ƙofa, a ce "Ranka ya daɗe, shigo ta nan." Manufar da aka tsara don talaka sai ta ƙare a hannun wanda ya fi kowa iya nemo wa kansa mafita.

4. In daddawa da wari, ɓera ma da sata

Duk abin da na faɗa a sama ba wankin laifi ba ne. Akwai ma'aikacin da rashin kayan aiki ya tilasta masa dabara, akwai kuma wanda ya mayar da kujerarsa shago. A kusan kowane caji ofis an rubuta cewa beli kyauta ne, amma tambayi wanda ya taɓa zuwa fito da ɗan'uwansa. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015, wadda jihohi da dama suka yi irin tasu, ta hana kama mutum a madadin wani, ta kuma tabbatar da cewa mace na iya tsayawa beli. Duk da haka har yau ana tsare uba don ɗansa ya gudu, ana ce wa uwa ta je ta nemo namiji. Wannan ba rashin mai a mota ba ne, son zuciya ne da raina talaka.

A Disambar 2020, da aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, mutane suka yi cincirindo a ofisoshin rajista tun kafin asuba. Rajistar kyauta ce a hukumance, amma koke ya yi yawa cewa sai an ba da na goro kafin suna ya hau takardar layi. Ga kuma malamin da ba a ganin sa sai ranar tantance ma'aikata, da jami'in lafiyar da aka tura ƙauye ya nemo takarda daga sama aka dawo da shi birni, aka bar gari guda babu mai allura.

Na san albashi ya yi kaɗan. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare a wurare da dama su ne na ƙarshen gani a ƙasa. Amma matar da ake karɓar ɗari biyar a hannunta ta fi mai karɓar talauci nesa ba kusa ba. Aikin gwamnati amana ce, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ga ba zai iya ba, barin aikin ya fi masa alheri duniya da lahira a kan cin haƙƙin marasa ƙarfi.

Sai dai a nan ma akwai tambayar da ba a son yi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce 21,780 ba su ci ba, aka sallame su. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya kamata ya tambaya: wa ya ɗauke su aiki tun farko? Wa ya sa hannu a takardunsu? Muddin guraben aiki rabo ne tsakanin 'yan siyasa, kowa ya kawo yaransa, to korar na ƙasa kaɗai barin jaki ne ana dukan taiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar daga sama take farowa.

5. Darasin shan-inna

Mai cewa ma'aikacin Najeriya ba ya gyaruwa ya dubi yaƙin da aka yi da cutar shan-inna. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin da ya yaɗu a kan maganin, ga kuma tabon gwajin maganin kamfanin Pfizer na 1996 bai warke a zukatan Kanawa ba. Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004. A 2006 yara fiye da 1,000 cutar ta kama a Najeriya. Manufa na nan, kuɗin ƙasashen waje na nan, amma ɗigon ba ya isa bakin yaro.

Abin da ya juya lamarin shi ne an koma an dubi mai ɗaukar akwatin rigakafi. Aka gane cewa namiji ba ya shiga gidan da aka rubuta "Ba shiga", sai aka ɗauki matan unguwa waɗanda aka san iyayensu. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan lafiya matakin farko, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaba. A 2012 aka buɗe cibiyar ɗaukin gaggawa a Abuja, daga baya a jihohin da cutar ta fi ƙamari. Aka zaga da ƙafa aka zana taswirar kowace unguwa da ruga, aka ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka, aka gyara hanyar biyan alawus don ya isa hannun mai shi. Kowane gida aka shiga sai a yi alama da alli a bango, kowane yaro a shafa masa tawada a ƙaramin yatsa. Da yamma a zauna a ji me ya faru, gida nawa suka ƙi, kuma me ya sa.

A irin wannan zama ne maganar iyaye ta hau sama: kullum kuna kawo mana ɗigon shan-inna har gida, amma yaranmu na mutuwa da zazzaɓi da gudawa babu magani a asibiti. Aka saurara, aka fara kafa sansanonin duba marasa lafiya tare da rigakafin. Wannan gyara daga bakin matan da ke yawo gida-gida ya fito.

Sun kuma biya da rayukansu. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, Allah Ya jiƙan su. 'Yan'uwansu ba su ajiye akwatin ba. An ga na ƙarshen masu ɗauke da asalin ƙwayar cutar a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita, ko da yake ana ci gaba da rigakafi saboda wani nau'in da ya rage. Mutanen da tsarin shan-inna ya horar suna cikin waɗanda suka taimaka wajen daƙile Ebola a Legas a 2014.

Ma'aikatan nan ba daga wata ƙasa aka ɗauko su ba. 'Ya'yan unguwanninmu ne, irin waɗanda muke zagi a asibiti da makaranta. Bambancin shi ne an faɗa musu aikinsu dalla-dalla, an ba su kayan yi, an biya su, an bi sawunsu, an kuma saurare su.

6. Abin da ya kamata a yi

Na farko, kada a sanar da "kyauta" sai an yi lissafinta har ƙasa. Yara nawa, kwalin magani nawa, alli nawa, wa zai kai, da wace mota, a wane wata. Gara gwamnati ta yi alkawarin abu uku ta cika, da ta yi na goma ta bar ma'aikaci da kunya. 'Yan majalisar jiha su riƙa neman wannan lissafi kafin su amince da kasafi.

Na biyu, a tambayi mai aikin kafin a rubuta manufar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da aka kawo tsarin rabon taki ta wayar salula a 2012, dabara ce mai kyau ta rage 'yan tsakiya, amma kowane malamin gona zai iya faɗa tun ranar farko waɗanne ƙauyuka ne ba su da sabis, kuma manoma nawa ne ba su da waya. Kwamitin da zai tsara manufar ilimi ba tare da malamin aji ko ɗaya ba, ya fara da kuskure.

Na uku, kuɗin gudanarwa ya riƙa shiga asusun makaranta da na asibiti kai tsaye, ko kaɗan ne, a kan lokaci, kuma a manna adadinsa a bango kowa ya gani. Albashi da ƙarin girma da fansho su daina zama alfarma. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, za a san amfaninsa ne ranar da malamin firamare da jami'in lafiyar ƙauye suka ga canji.

Na huɗu, a dawo da duba aiki na gaskiya. Mai duba makarantu ya shiga aji ya zauna, ya ga yadda ake koyarwa, ya gyara, ba ya tsaya ofishin hedimasta ya sa hannu ya karɓi ambulan ba. Dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta ɗora wa alƙalan majistare ziyarar wuraren tsare mutane a ofisoshin 'yan sanda kowane wata, a aiwatar da ita. Wanda aka kama da karɓar na goro a hukunta shi a fili, wanda ya yi shekaru a ƙauye yana aiki tsakani da Allah a ɗaga shi a fili. Idan mai ƙoƙari da malalaci albashinsu ɗaya, girmansu ɗaya, to an koya wa kowa lalaci.

Na biyar, talaka ya san haƙƙinsa da inda zai kai kuka. An kafa ofishin SERVICOM tun 2004 domin wannan, amma mutum nawa ne a karkara suka taɓa jin sunanta? A rubuta da Hausa da ajami a ƙofar kowane ofis abin da yake kyauta, abin da ake biya da nawa ne, da lambar da za a kira. Gidajen rediyonmu, waɗanda talaka ya fi yarda da su, su riƙa bin koke har a ga ƙarshensa.

Na ƙarshe ya shafe mu duka. Mu ne muke neman a tsallake da mu layi saboda mun san wani. Mu ne muke kai ɗan'uwan da bai cancanta ba a ba shi aikin koyarwa, sannan mu kai namu 'ya'yan makarantar kuɗi. Mu ne muke kiran ma'aikacin da ya ƙi karɓar na goro mai taurin kai, mu kira wanda ya yi gida uku da albashin mataki na takwas mai wayo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ma'aikaci daga cikinmu ya fito, tarbiyyarmu ya tafi da ita ofis.

Saboda haka, duk lokacin da aka tara jama'a aka yanka zare aka ƙaddamar da sabon shiri, kada mu yi saurin tafi. 'Yan jarida da ƙungiyoyin unguwa da masu zaɓe su jira wata shida, su je makaranta ko asibitin da ya fi nisa da fadar jiha, su yi wa ma'aikacin da suka tarar tambaya uku: An gaya maka abin da ake so ka yi? An ba ka abin yi? Akwai wanda ya zo ya duba? Idan amsar duka e ce amma aiki bai yiwu ba, a kama shi da laifi ba sani ba sabo. Idan kuwa a'a ce, to mu ɗaga kai sama mu nemi wanda ya yi alkawarin, domin shi ne ya kamata ya amsa.